Akta Ma Yana Mutuwa: Sharhi Kan Tsofaffin Gwanayen Bindiga a Finafinan Kaboyi

 Gaisuwa ga mutanen Magarya da Bande da Kwaya da Yekuwa da Sasumburum da Washa. Gaisuwa ga na Dungas da Dogo-Dogo da Gushi da Malawa, da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka, na Babban Mutum da Maigatari, waɗanda iska ke kai musu muryarmu ba tare da ta tsaya wurin duwan ba. Samarin da ke fada sun ɗora shayi, ku rage wutar, ku matso kusa da rediyo, don yau rabin maganar taku ce.

Sharhinmu na wannan mako a kan finafinan kaboyi yake. Na san yanzu wani dattijo zai ce, haba malam, ana fama da kuɗin tiya, kai kana zancen silima? Yi haƙuri Baba, ba ni aron kunnenka kaɗan. In na kai ƙarshe ba ka ga inda zancen ya taɓa ƙofar gidanka ba, na ci tara.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a garuruwan nan tsakanin shekarun 1980 da 1990 ya san gidan bidiyo. Fili ne aka kewaye da zana, an ɗora tele bisa tebur, janareto na kuka a bayan danga. Manya suna kan benci, mu yara sai ƙasa. Dala biyar ce kuɗin shiga. Wanda ba shi da ita sai ya nemi ɓula a jikin zana ya liƙa ido ɗaya, har mai gidan ya zagayo da tsumagiya. Ba ma jin Ingilishi, Faransancinmu na lakwal kuma bai kai ya kama maganar da ake yi ta cikin hanci ba. Duk da haka labari bai taɓa ɓace mana ba, saboda mun riƙe doka biyu. Ta farko, a kowane fim akwai akter, akwai shef-bandi, waɗanda ƴan'uwanmu na Kano ke kira akta da bos. Ta biyu, wadda ko yaron goye ya sani: akta ba ya mutuwa.

Kafin mu ma, yayyenmu da suka je cirani Kano sun kalli irin waɗannan a silimar Plaza da Orion da Eldorado, suka dawo da labarin Jango, Bature mai jan akwatin gawa, wanda Franco Nero ya fito a matsayinsa a 1966. Shi ya sa har yau in ka bincika, kusan kowace unguwa akwai wani mai furfura da tsaransa ke kira Jango ko Ringo, jikokinsa ba su san dalili ba.

To, wani dare mai gidan bidiyon unguwarmu ya sa kaset ɗin John Wayne. Muka gyara zama, don kowa ya san in dai shi ne, bos ya shiga uku. Sai muka ga wani tsoho mai ƙiba, yana tafiya da ƙyar, yana yawo da ɗan matashin zama ja saboda sirdi na ba shi wahala. Minti ashirin, talatin, babu sukuwa, babu kora. Daga ɗakin likita sai ɗakin haya. Aka fara tsaki. Can wajen ƙarshe ya shiga mashaya, aka yi ɓarin wuta, ya kayar da mutum uku, muka miƙe muna tafi. Muna cikin tafin sai mai sayar da giya ya ɗauko bindigar farauta ya zuba masa a baya. Akta ya faɗi. Muka jira ya tashi. Bai tashi ba. Rubutu ya fara hawa.

Wallahi wurin ya kaure. Wasu na cewa kaset ɗin ne ya yanke, a sa na biyu. Wasu na cewa a maido musu dala biyar ɗinsu. Akwai wani tsohon soja da ke zuwa da kujerarsa, irin waɗanda Faransa ta kai yaƙin Indoshin, ba ya magana da kowa, sai dai ya ci goronsa ya tafi. Ran nan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku bar yaron nan da kuɗinsa. Yau kaɗai aka nuna muku gaskiya." Muka yi masa dariya a ɓoye. Na kai shekara arba'in kafin na gane abin da yake nufi.

Sunan wancan fim The Shootist, na 1976, Don Siegel ya ba da umarninsa. Labarin wani tsohon gwanin bindiga ne, J. B. Books, da ya iso garin Carson City a watan Janairun 1901, jaridu na ɗauke da labarin rasuwar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Likita ya duba shi ya ce ciwon daji ne, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Abin da yake so kawai ɗaki mai shiru ya mutu a ciki. Amma ina! Sunansa ya riga shi shiga gari. Ɗan jarida na son ya sayar da labarinsa. Mai sana'ar binne gawa na shirin baje gawarsa a biya kuɗi a kalla. Mai aski ma in ya rage masa suma sai ya tattara gashin don ya sayar. Tun yana numfashi ake rabon naman sunansa. Cikin garin kaf, ɗan matar da ta ba shi haya, wani saurayi mai suna Gillom, shi ne ke kallonsa da sha'awa, yana so ya zama kamarsa. Wurin da ihunmu ya hana mu gani shi ne wannan: bayan an harbi tsohon, saurayin ya ɗauki bindigarsa ya kashe wanda ya harbe shi, ya tsaya yana kallon hannunsa da jini, sai ya yi jifa da ita can nesa. Tsohon ya gyaɗa kai, sannan ya cika. Duk fim ɗin don wannan jifar aka yi shi. John Wayne kansa an cire masa huhu ɗaya a 1964 saboda ciwon daji, wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe, kuma ciwon daji ne ya yi ajalinsa a 1979.

Irin waɗannan finafinai zuriya guda ce. Kakansu shi ne The Gunfighter na 1950, inda Gregory Peck ya fito a matsayin Jimmy Ringo. Shekarunsa 35 kacal, amma a wannan sana'a ya riga ya zama tsoho. Duk garin da ya sauka, sai wani yaro mai jin tashe ya tsokane shi, don in ya kashe shi sunan ya koma kansa. Ringo ya gaji. Ya zo wani ƙaramin gari don ya ga matarsa, malamar makaranta da ta ɓoye aurensu, da ɗansa da bai san ko wane ne ubansa ba. Kusan duk fim ɗin yana zaune a kusurwar mashaya, bayansa jingine da bango, idonsa kan agogo. Yara sun gudo daga makaranta sun cika titi suna leƙe, kamar an kawo kura kasuwa. Daga ƙarshe wani ɗan iskan gari ya harbe shi ta baya. Ku ji hukuncin da Ringo ya yanke masa yana kwance: ya ce a shaida wa mutane shi ne ya fara zaro bindiga, kada a rataye yaron. Ba tausayi ba ne. Ya bar masa gadon sunan ne, ya ɗanɗana yadda ake rayuwa kowane saurayi na neman kanka.

A 1973 aka yi na raha, wanda da yawanmu muka kalla da sunansa na Faransanci, Mon nom est Personne. Henry Fonda ne tsohon, idonsa ya fara rauni har sai ya sa tabarau, burinsa ya hau jirgin ruwa ya tafi Turai ya huta. Terence Hill, wanda muke kira Tirinita, shi ne saurayin da ya hana shi sakat. Yadda tsohon ya tsira ɗaya ce: sai da aka shirya mutuwar ƙarya a gaban jama'a, aka rubuta sunansa a kabari, sannan ya samu ya sulale. Ko a fim ɗin ban dariya, ba a sami wata ƙofar fita ba sai ta kabari.

Na huɗu, Unforgiven na 1992, wanda Clint Eastwood ya shirya kuma ya fito a ciki yana da shekara 62, ya ci lambobin Oscar huɗu. William Munny ya yi kisa ba adadi a ƙuruciyarsa, ya tuba ta dalilin matarsa, matar ta rasu ta bar shi da yara biyu da garken aladu marasa lafiya. Talauci ya sa ya karɓi kwangilar kisa ta dala dubu ta Amurka. Ya kafa gwangwani ya gwada libarba, ko sau ɗaya bai samu ba. Ya zo hawa doki, dokin ya zubar da shi. Tare da shi akwai wani saurayi mai cika baki wai ya kashe mutum biyar, alhali ko nesa ba ya gani sosai. Ranar da saurayin ya yi kisa na gaske, a bayan gida ya tarar da mutumin, ba makami a hannunsa. Bayan nan ya zauna gindin itace yana kuka, ya amsa cewa wannan ne na farko, ya ce ya bar bindiga har abada. Abokin Munny na ƙuruciya kuwa, wanda Morgan Freeman ya fito a matsayinsa, ya kasa danna kunama ya juya gida, amma shi aka kama aka yi wa bulala har ya mutu.

In yanzu kuka kama mu, jama'a, sharhi muke kan finafinan kaboyi masu labarin gwanin bindiga in ya tsufa, da abin da suke gaya wa mutanen Magarya da Dungas.

Wani zai ce ai wannan duk shiri ne. To mu leƙa tarihin Amurkar kanta. Wild Bill Hickok, wanda sunansa ya cika jaridu, yana zaune yana karta a garin Deadwood a 1876 aka harbe shi a ƙeya, shekarunsa 39. Jesse James, babban ɗan fashin jirgin ƙasa da bankuna, a cikin gidansa aka kashe shi a 1882, yana da shekara 34, kuma yaronsa ne, Robert Ford, ya harbe shi ta baya don kuɗin lada. John Wesley Hardin ya yi shekaru a kurkuku, ya fito har ya zama lauya, amma a 1895 aka same shi a mashaya a El Paso aka harbe shi a ƙeya. Ku lura, babu ko ɗaya da ya mutu a irin tsayuwar nan ta gaba da gaba a tsakiyar titi da muke tafa wa. Ƙeya, baya, ƙeya.

Yanzu ku dawo da idonku gida. Wa bai ji sunan Buharin Daji ba? Shekaru yana juya dazukan Zamfara, ana sulhu da shi ana warwarewa. A watan Maris na 2018 aka kashe shi, kuma ba soja ne ya kashe shi ba, na jikinsa ne, Dogo Giɗe. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse ya tuba. Ba a yi wata uku ba ya koma daji, kuma kafin watan Afrilu ya ƙare ƴan wani gungun suka harbe shi. Da wani ya rubuta wannan a matsayin fim, da an ce ya kwaikwayi Jimmy Ringo. Hausawa sun riga Hollywood faɗa: karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma gaba da gabanta.

Ga abin da nake so mu riƙe. Sunan da aka samu da makami bashi ne, kuma mai zuwa karɓar bashin yaro ne da ya taso yana sha'awarka. Manomi in ya tsufa ɗansa ya karɓi hauya, shi ya koma gindin bedi ana kawo masa fura. Malami in ya tsufa almajiransa ke ɗaukar buzunsa. Maƙeri, mahauci, ɗan koli, kowa na da inuwar da zai zauna. Mai bindiga kaɗai ne magajinsa ba ya gadonsa sai ya kashe shi.

Ku dubi kokowa ku ga bambanci. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, an ga zakaru sun zo sun wuce, har da namu Langa-Langa na Damagaram. Kowane zakara akwai ranar da wani yaro zai kai bayansa ƙasa. Amma sai ya tashi ya kakkaɓe rairayi, su rungumi juna, gobe ka gan shi a bakin fili yana ba yara dabara, makaɗa na ambatonsa in sun hango shi. Kakanninmu sun san zafin jinin samari, shi ya sa suka yi masa fili, da alƙali, da ƙa'ida, da lokacin tashi. Bindiga ba ta da alƙali, kuma wanda ta kayar ba ya kakkaɓe rairayi.

Wani abin da na lura da shi, yawancin finafinan nan a ƙarshen zamani ake kafa labarinsu. Na Henry Fonda a 1899 yake, na John Wayne a 1901. Jirgin ƙasa ya iso, waya ta iso, alƙali da ɗan sanda sun zauna, mai bindiga ya zama kamar tsohon kuɗi da aka daina karɓa. Wannan shekara ta 1899 kuwa mu ma mun san ta. Damagaram ta Sarki Tanimu tana da dakarun bindiga, har igwa ake ƙerawa a Zinder, kuma ƙarfinta ya rufe ƙasashen Sosebaki, su Mirya da Washa da Dungas. A watan Yulin 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka yi karon Tirmini, Faransawa suka shiga birni. Barade nawa ne suka wayi gari da sulke da lifidi amma babu yaƙin zuwa? Ba wanda ya yi musu fim. Sai dai abin da ya biyo baya muna ganinsa duk ranar hawan Sallah: ɗan bindigar sarki ya ɗura albarushi, ya ɗaga baki sama, ya saki ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, mata su yi guɗa, kowa ya koma gida lafiya. Bindigar da ta koma ta taryar baƙi ita ce ta yi kyakkyawan tsufa.

Kada kuma a ɗauka mu ƴan kallo ne kawai a wannan harka. A 1966 ɗan ƙasarmu Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafa da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature, har da Zalika Sule a cikinsu. Suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, wasa ya rikiɗe ya zama ɓarna, rigima ta koma tsakaninsu. Tun wancan lokacin Mustafa Alasan ya hango abin da kayan aro ke yi wa yaro. Shi kuma Umaru Ganda, wanda da kansa ya yi yaƙin Indoshin, ya yi Cabascabo a 1969: tsohon soja ya dawo da kuɗi da labarin fagen fama, abokai da maroƙa suka kewaye shi, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse, ya rasa abin yi sai komawa ga ƙasa. Duk lokacin da na tuna wannan fim sai in tuna tsohon nan mai kujera na gidan bidiyo.

Na kusa-kusa kuma, ƴarmu ta Damagaram, Aisha Maki, ta fitar da fim mai suna Zinder a 2021, a kan ƴan palais, wato gungun samari, na unguwar Kara-Kara. Ba shiri ba ne, mutanen gaske ne. A ciki akwai samari masu ɗaga ƙarfe, akwai mai jigilar man ruwa-ruwa daga iyaka, akwai kuma wani tsohon shugaban gungu da ya ajiye wuƙa ya koma kabu-kabu, jikinsa duk tabo, abin da ya aikata a baya na hana shi barci. Wannan shi ne William Munny namu, ba doki, ba malafa, sai babur da neman na cefane.

Gaskiya ɗaya ce, finafinan kaboyi ba littafin wa'azi ba ne. Masu yin su kuɗi suke nema, kuma sun san harbi ke sayar da tikiti. Ko Unforgiven da ya yi ta nuna munin kisa, da ɓarin wuta ya rufe, mai kallo ya tashi yana jin daɗi. Akwai kuma abin da nake jin kunyarsa har yau: yadda muke tafi in an harbo Indiyawan daji daga kan dawakinsu, ba mu san mutane ne da aka ƙwace wa ƙasar kakanni ba, ba mu san labarinsu ya fi kama da na mutanen Tirmini ba. Sannan kalmar kaboyi kanta, ma'anarta yaron shanu. Aikinsu na gaske kora garke ne wata da watanni zuwa tashar jirgin ƙasa, cikin ƙura da ƙishirwa, da yawansu baƙaƙen fata ne da ƴan Meziko. Makiyayin da ke kora shanu daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da sandarsa da gorarsa, ya fi John Wayne zama kaboyi. Saboda haka a kalla da hankali, a ɗauki tsaba a zubar da ƙaiƙayi.

Tsabar kuwa tana cikin wani da kusan kowa ya gani, The Magnificent Seven na 1960, na su Yul Brynner mai ƙwaryar kai. Ƴan fashi sun addabi wani ƙauyen manoma, duk kaka sai su zo su kwashe hatsi. Manoman suka haɗa ɗan abin da suke da shi suka ɗauko gwanaye bakwai. Aka kori ƴan fashin, amma huɗu daga cikin bakwai suka kwanta a kabari. Ɗaya ya ajiye bindiga ya zauna ya yi aure a ƙauyen. Biyun da suka rage suka hau dawaki, ba gida, ba mata, ba gona, suka amsa da bakinsu cewa manoma ne suka ci riba. Da muna yara mun so mu zama biyun nan masu tafiya. Yau na san wanda ya zauna shi ne mai wayo.

Alhamdu lillahi, yankinmu har yanzu da sauƙi in aka kwatanta da abin da ƴan'uwanmu na Madarunfa da Gidan Runji suka gani na satar shanu da satar mutane. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Gidan bidiyo ya mutu, sai dai ya dawo cikin aljihun kowane yaro. A da sai ka biya dala biyar ka ga Jango na ƙarya. Yau a waya, kyauta, yaro ke ganin ɗan bindiga na gaske zaune kan babur, ya rataya makami, yana baje kuɗi a TikTok. Hoton ba ya nuna masa inda mutumin ke kwana, ko sau nawa yake sauya makwanci a dare ɗaya, ko wane ne cikin yaransa ke ƙirga masa kwana. Rabin farko na fim ɗin kawai ake nuna wa ƴaƴanmu.

Don haka ina da kira uku, kuma zan faɗe su a gajarce.

Na farko gare ku samarin fada. Ƙanena, in ka ga wanda ake tsoro ka ji yana burge ka, yi tambaya ɗaya: ina tsofaffin wannan sana'a? Je ka kasuwar Magarya, za ka ga tsohon tela, tsohon mai gyaran keke, tsohon dillalin awaki. Nemo mini tsohon ɗan fashi mai jikoki a gabansa, yana barci da ƙofa a buɗe. In ka samo shi, zo ka ƙaryata ni a wannan gidan rediyo.

Na biyu gare ku iyayenmu da yayyenmu da kuka taɓa riƙe ƙarfe, tsofaffin sojoji, maharba, ƴan tauri, da waɗanda suka yi tashen ƙuruciya Allah ya shirye su. In yara sun kewaye ku, kun saba ba su labarin ranar da kuka yi nasara. Ku ƙara musu da na daren da kuka kasa barci, da abokin da bai dawo ba, da uwar da har yau ba ku iya haɗa ido da ita. Yaro ba zai ji wannan daga bakin malamin lakwal ba, ba zai ji daga bakina ba. Daga mai tabo kaɗai zai yarda.

Na uku gare mu duka, da sarakunanmu da malamanmu da hukuma. Abin da ya mai da William Munny ga kisa ba son jini ba ne, yunwar yara biyu ce. Abin da ya hana Jimmy Ringo zama kuwa, babu garin da ya yarda ya manta da sunansa. In yaro ya fito daga kaso, ko ya bar gungu, ko ya dawo daga inda ya ɓata, wanda ya ci haƙƙin wani a bi wa mai haƙƙi kadinsa ta hanyar shari'a, wannan ba a sassauci. Amma bayan nan a ba shi abin yi. A ba shi kadada a fadama, a sa shi a layin masu koyon walda ko gyaran babur, a daina kiransa da sunan tashensa, a amsa sallamarsa a masallaci. Wanda aka ce ya ajiye makami aka bar hannunsa wayam, an san inda hannun zai koma.

Shi kuma Baban da ya ce me ya haɗa silima da kuɗin tiya, ga amsarka: duk inda bindiga ta shiga, gona ce ke fara zama kufai, tiya kuma ta hau. Tambayi waɗanda suka baro ƙauyukansu a Zamfara da Katsina.

Tsohon sojan nan ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. A kan tabarmarsa ya cika, ƴaƴansa na kewaye da shi, kuma ban taɓa jin ya ba wani yaro labarin mutum nawa ya harba ba. Mu da muka yi masa dariya, yau mu ne masu furfura. To ku gaya wa yaranku tun da wuri, kafin wani ya gaya musu akasin haka a waya: akta ma yana mutuwa, kuma yawanci ta baya ake harbinsa.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na wannan mako. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.